Aro Daga Birnin Fatu

A zamanin da mutanen arewacin Turai suka fara jera harufan dalma suna danna su a kan takarda, har littafin da a da yake cin shekara a hannun marubuci ya koma fitowa ɗari-ɗari, akwai wani birni a cikin dutse wanda ba kowa ya san da shi ba. Birnin Fatu ake ce masa. Aljanu ne a ciki, kuma ba su da sana'ar da ta wuce ajiye littattafai. Duk littafin da ɗan Adam ya taɓa rubutawa da hannu a kan fatar dabba, asalinsa na farko yana can. Ƙofar birnin tana bayan wani tsohon gidan masu ibada da aka ƙaurace wa, a saman wani tsauni da ko makiyaya ba sa kai tumakinsu.

Wanda ya je ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa shi ne Wendel, mai duba rubutu a maɗaba'ar wani dattijo Lambart, a wani gari na bakin kogin Rain. Wendel na cikin sababbin malaman nan da suka taso a lokacin, waɗanda suka ce sun gaji da shan ruwan kududdufi, sai sun kai ga idon ruwa. Suka koyi Girkanci, suka bazu suna tono tsofaffin littattafai, suna gwada wannan da wancan don su gano abin da mutanen farko suka faɗa da bakinsu. Abin da ya hana Wendel sakat shi ne littafin wani likitan Girka na da can, a kan zazzaɓi. Masu kwafa sun yi ta kwafarsa hannu zuwa hannu, wannan ya tsallake layi, wancan ya ƙara nasa, har maganin da ke ciki ya koma guba. Wendel ya rantse sai ya ga asalin. Yayarsa Alida, wadda ta fi shi Girkanci ko da yake ba ya son a faɗa, ta ce ƙafarsa ƙafarta.

Ƙwanƙwasawa ɗaya ya yi, dutsen ya dare. Wani sanyi mai warin tsohuwar fata ya buso musu. Suka shiga, suka tarar da tituna da lunguna kamar na kowane gari, sai dai bangon kowane gida littattafai ne tun daga ƙasa har inda ido ba ya kaiwa. A tsakar titi wani aljani na tsaye, dogo har sai an ɗaga kai, yatsunsa baƙi ƙirin da ƙurar littattafai, idanunsa babu fari a ciki ko kaɗan.

Ya ce, "Ya ku 'ya'yan Adam, ni ne Zalƙum, mai tsaron wannan birni. Me ya hau da ku tsaunin da ba a hawa?"

Wendel, wanda a gari ba a kayar da shi a muhawara, ya buɗe baki harshe ya ƙi motsi. Alida ce ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, aron littafi muka zo. Na likitan Girka, mai maganar zazzaɓi. Mutanenmu na mutuwa a kan kwafin da ya lalace."

Zalƙum ya miƙa hannu sama, hannun ya yi ta tafiya har ya ɓace musu, sannan ya dawo riƙe da wani ɗan littafi na fata, ya yi ja don tsufa.

"Ba ma hana aro," in ji shi. "Amma ku saurari dokarmu, don ba a maimaita ta. Littafi zai dawo kafin dusar ƙanƙara ta farko ta rufe bakin ƙofar nan. Ɗayanku zai zauna jingina. Abin da duk ya ɓace daga jikin littafin, daga jikin jingina za mu yanka madadinsa. Fata da fata."

Wendel ya ja rigar yayarsa ya raɗa mata, "Yaya, mu koma. Wallahi na fasa."

Ita kuwa idonta na kan bangon littattafan nan, kamar mayunwaci a gidan biki. Ta ce, "Mu koma mu ce wa mutane me? Kai ka san aikin maɗaba'a, ni ban sani ba. Ɗauki ka tafi. Ai ko shekara aka bar ni a nan ba zan gaji ba. Kai dai ka riƙe shi da kyau."

Haka ya fito shi kaɗai, dutsen ya rufe a bayansa.

Da ya isa gari, Lambart ya ga littafin ya kusa yin rawa. Ya tambaye shi inda ya samo. To a nan Wendel ya yi wautar da sai mai ilimi ke yin irinta. Mutumin da ya yi suna wajen yi wa camfin tsofaffi dariya, ina zai iya buɗe baki a gaban abokan karatunsa ya ce aljani ne ya ara masa? Sai ya ce a wani kangon gidan ibada ya tsince shi. Daga haka bai ƙara ko kalma ba.

Aka shiga aiki. Masu jera harufa suka kwance ɗinkin littafin, suka rarraba shafukan a tsakaninsu. Wendel ya zauna a kan kowane layi, ya duba ya sake dubawa, har ya zamana ko a barci aka tashe shi zai karanto shi daga farko har ƙarshe. Bazara ta wuce ana danna katakon buga littafi, takardu na shanye a kan igiya kamar wanki. Da aka gama, malaman wani gari na ƙetaren kogi suka aiko ya je a karrama shi. Ya ce a ransa bari ya je ya dawo, ai da sauran lokaci. Aka yi ta kambama shi a can, wannan ya riƙe shi wancan ya riƙe shi, yabo kuwa ya fi giya bugarwa. Bai farga ba sai da ya ga ganyayen itatuwa sun fara zuba.

Ya dawo a gurguje ya faɗa maɗaba'a. "Baba Lambart, ina tsohon littafin nan? Zan mayar da shi."

Lambart ya ɗago kai daga aikinsa. "Wane tsoho? Na fatar nan? Ai na ba mai ɗinkin littattafai."

"Ya ɗinke shi?"

"Ya ɗinke me? Ya yayyanka shi dai, ya manna a gadon bayan sababbin littattafan don su yi ƙwari. Haka kowa ke yi a sana'ar nan, ɗana. In sabo ya fito me za a yi da tsoho, duk ya sha tawadar yatsu? Fata ce mai kyau kuwa, ba a samun irinta yanzu."

Wendel ya dafa bango. Abin da ya fara zuwa masa a ido shi ne bayan Alida, da wuƙa.

"Ina littattafan?" in ji Wendel.

"An zuba su a ganguna an tafi da su. Wasu kasuwar littattafai, wasu jirgin ruwa ya ɗauka, wasu garin masu jami'a. Kai lafiyarka kuwa? Ka ga yadda fuskarka ta koma?"

Wendel ya zari wuƙar mai ɗinki da wani buhu, ya fita da gudu.

Kasuwa ya fara zuwa. Duk inda ya ga littafin sai ya roƙa a ba shi ya duba, ya juya baya ya tsaga gadon bayan, ya zare 'yar fatar ya jefa a buhu. Aka ce masanin nan karatu ya taɓa masa kai. A wani shago aka yi masa duka, a wani aka saka masa karnuka. Ya bi waɗanda suka riga suka saya har gidajensu, ya durƙusa wa wanda ya durƙusa wa, ya haura katangar wanda ya ƙi. Kullum da safe abin da yake fara yi shi ne ya dubi sama. Sama kuwa sai ƙara yin toka-toka take.

Daga nan ya bi kogi yana tambayar jirgin. Masunta suka nuna masa wani gurbi mai juyawa suka ce a nan ya kife, mutane sun tsira amma kaya sun tafi ƙasa. Wendel bai iya iyo ba. Ya tsaya a bakin ruwa, ya tuna wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ya rufe ido ya faɗa.

Maimakon ya shaƙe, sai ya ji ƙafarsa ta taka yashi. Ya buɗe ido, duhu mai kore-kore. A gabansa wata tsohuwa na zaune a kan gangar littattafan, gashinta ya bazu a ruwa yana motsi da kansa, ƙananan kifaye na shiga ta hancinta suna fita ta kunne.

"Wane mai ƙarar kwana ne ya shigo ɗakina babu sallama?"

"Ranki ya daɗe, Uwar Kogi, baƙo ne mai neman agaji. A cikin gangar nan akwai fatar da ba tawa ba. Ran 'yar'uwata na rataye da ita."

Tsohuwar ta yi dariya, kumfa ya fito. "Abin da ya faɗo mini nawa ne, ya kai ɗan tudu. Amma fatar Zalƙum ba na son ta kwana a gidana, ba na neman rigima da mutanen dutse. Zura hannu ka ɗebi taka. Sai dai ka sani, takardar tawa ce. In ka haɗa da ko ƙyallin takarda, a nan za ka zauna kana tsefe mini kai har kogin nan ya ƙafe."

Ta sauka, ya zura hannu. Ciki duhu, ruwa ya narkar da littattafan sun zama kamar kunu, sanyi kuma ya kashe masa yatsu. Wani abu mai santsi ya nannaɗe masa wuyan hannu ya sake. Ya cije leɓe don kada ya yi ihu. Ya riƙa lalube yana murzawa: abin da ya narke a yatsa takarda ce, abin da ya yi danƙo ya ƙi yagewa fata ce. Kowane guntu sai ya wanke shi tas kafin ya sa a buhu, tsohuwar na leƙo kafaɗarsa, numfashinta a wuyansa. Da ya gama ta shinshina buhun, ta ɓata rai don ba ta sami abin kamawa ba. Ta hura masa ruwa a fuska, sai ga shi yashe a gaɓa yana aman ruwa.

Saura garin masu jami'a. Tun daga nesa ya hango hayaƙi. Ashe tsofaffin malaman likitanci na garin sun taru sun yanke cewa littafin cin mutunci ne ga malamansu, tunda ya nuna abin da suka shekara suna koyarwa gurɓatacce ne. Suka sa aka tara duk kwafin da ya shigo garin a dandali aka cinna wuta. Wendel ya iso ya tarar da tudun toka, da ƙaurin da ya sani sarai, ƙaurin ƙonanniyar fata. Ya faɗa ciki yana tonawa da hannu, bai ko ji zafin ba.

Wata 'yar siririyar murya ta fito daga cikin garwashi. "Me kake nema, mai buhu?"

"Abin da kika ci. Don girman Wanda ya halicce ki, ki dawo mini da shi."

"Ruwa na ajiya, ƙasa na ajiya," in ji muryar. "Ni ban taɓa ajiye komai ba." Garwashin ya yi ƙyal-ƙyal kamar mai dariya, ya mutu.

Ya zauna a bakin hanya ya baje guntayen, ya bi rubutun yana haɗa wannan da wancan yana ɗinkewa da zare. Littafin ya tashi, duk tabo, amma babin ƙarshe babu shi. Ya gwada faɗin abin da ya ɓace da tafin hannunsa, ya ga zai cinye bayan mutum tun daga wuya har ƙugu. Ya yi kuka har ya gode wa Allah. Yana cikin kukan wani abu fari ya sauka a hannun rigarsa ya narke.

Ya sa littafin a buhu tare da bugagge guda da Lambart ya taɓa ba shi, ya kama hanyar tsauni. Ko hutawa bai yi ba.

A rabin hawa ya ji kuka a bayansa, kukan tumaki da maruƙa, amma a shaƙe. Ya waiga. Garke ne ke biye da shi, babu fata a jikin ko ɗaya, jajaye jawur, tururi na tashi daga namansu a cikin sanyi. Dabbobin da aka feɗe aka yi littattafai da su ne, sun ji warin abinsu. Suka kewaye shi suna tura hanci a buhun. Wani ɗan maraƙi ya ɗago kai ya ce, "Tawa na ciki. Ba ni in rufa, sanyi nake ji." Wendel ya rungume buhun a ƙirji. Ya ce, "Ka yafe mini, ba ni da ikon bayarwa." Ya runtse ido ya kutsa ta tsakiyarsu, jikinsu mai ɗumi da laima na gogar ƙafafunsa, suna ta kiransa har ya kai bakin dutse. Dusar ƙanƙara ta fara zuba sosai, amma ba ta rufe dokin ƙofar ba tukuna.

Zalƙum na tsaye inda ya bar shi. Ya karɓi littafin ya riƙa juya shafukan da farce, yana bin kowane ɗinki. Da ya kai ƙarshe ya rufe.

"Wa ya yi wa amanarmu haka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kunya ta hana ni faɗin inda na samo shi." Ya zaro bugaggen. "Amma ga shi, ba kalmar da ta ɓace. Duk abin da ya ƙone yana nan ciki. Yanzu haka akwai irinsa a ƙasashe da yawa, likitoci za su karanta, mutane za su rayu."

Aljanin bai ko taɓa shi ba. "Wannan ƙarfe ne ya danna shi. Ba wanda ya yi gumi a kansa, ba dabbar da ta mutu dominsa. Na ji daɗi da mutanenku za su rayu, ya kai ɗan Adam, amma ba wannan na ba ka aro ba. A kawo jingina."

Wasu aljanu biyu suka fito da Alida. Ta rame, ta yi fari don rashin rana. An tsaga bayan rigarta, an ja layuka a fatar bayanta da dalma, a miƙe, kamar yadda ake shata shafi. Ɗayan aljanun na riƙe da wata wuƙa mai lanƙwasa. Ta dubi ƙanenta, ta dubi littafin, ta gane. Ba ta yi kuka ba.

Zalƙum ya ce, "Za mu yanka daidai abin da ya ɓace, mu ɗinka shi fari babu rubutu a gurbin, ya zama shaida. In ta rayu, ta tafi."

Wendel ya san ba mai rayuwa bayan wannan. Tsoro ya cika shi har yana jin fitsari, amma sai ya ga hannunsa na cire rigarsa da kansa. Ya zube a gaban aljanin.

"Ranka ya daɗe, fata marar rubutu me za ta amfane ku? Littafinku zai zauna da giɓi har abada. Ga bayana, ga kuma babin nan duka a kaina, harafi da harafi. Ku ɗauki fatar da kalmominta."

"Wendel, rufe mini baki!" in ji Alida. "Ni na ce zan zauna."

"Ke kika ce in riƙe shi da kyau, Yaya."

Zalƙum ya dube shi da idanun nan marasa fari. Ya ce, "Mai ɓarna ya fi cancantar biya, kuma cikakken littafi ya fi mai giɓi. Na karɓa. Ba sai an feɗe ka ba, za a rubuta a jikinka da allura da tawada kana numfashi. Sai dai ka sani, daga ranar ka zama babin littafi, kuma babi ba ya rabuwa da littafinsa. Ba za ka sake ganin rana ba." Ya juya ga Alida. "Mu ajiya muke yi, hannunmu ba ya rubutu. Ke za ki rubuta. Ƙofa na buɗe har ki kai kalmar ƙarshe, daga nan ki fita kada ki waiwayo."

Aka miƙa mata allura da ƙoƙon tawada. Wendel ya kwanta rubda ciki a kan dutse mai sanyi. Ya ji tafin hannunta a kafaɗarsa.

"Fara," in ji ta.

Ya fara karantowa, tana bi da allura. Zafin ya wuce yadda ya zata, amma ba shi ne ya fi damunsa ba. Duk layin da ya faɗa, yana jin hannunta na ƙara sauka ƙasa. Ita ma a hankali take yi, tana gyara kowane harafi fiye da yadda ake bukata, wani abu mai ɗumi na ɗiga a bayansa wanda ba tawada ba ne. Iska na shigowa ta ƙofa da farin garin ƙanƙara, yana taruwa a bakin titi.

Da suka kai layin ƙarshe sai ya yi shiru.

Zalƙum ya sunkuyo. "Ka manta ne, ya kai ɗan Adam? In ka manta, mu koma ga wuƙa."

Bai manta ba. Layin na bakinsa. Ya dai san abin da zai biyo bayan faɗarsa.

Alida ta sa bakinta kusa da kunnensa. "Faɗa, ƙanena. Ina nan tukuna."

Ya faɗa. Ya ji allurar ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, sannan ta tsaya. Hannunta ya ɗan jima a kan wuyansa. Daga nan ya ji takunta na nisa a kan dutse, ba gudu ba, har ya daina jin sa, sai ƙarar dutsen da ya haɗe.